Alaimen: Zare a Tsakar Gida, Mai Geji a Bakin Titi, ko Injin Kwamfuta?

Ana gab da azumi na sa wa Corollata 'yar 2006 sababbin tayoyin gaba, dal a leda, ba 'yan Kwatano ba. Kafin babbar salla gefensu na ciki ya suɗe sumul kamar tafin hannu, alhali gefen waje ko gashin kamfani bai gama kaɗewa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ranar da aka sa tayoyin a ranar aka yi mini alaimen, wato saitin ƙafar mota, a wani shago mai kwamfuta da kyamarori da yara masu yunifom, na kuma biya ba ragi. Da na koma da ƙorafi, mai shagon ya durƙusa ya shafa tayar, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai hanyoyinmu ne."

Wani dattijon bakanike da muke salla a masallaci ɗaya shi ya warware mini. Ya ce in kawo motar bayan la'asar. Bulo huɗu, fayif biyu, zaren kamun kifi da rular ƙarfe, su ke nan kayan aikinsa. Cikin rabin awa ya nuna mini da idona cewa kowace tayar gaba ta buɗe waje da wajen milimita 3. Tun daga ranar nake auna motata da kaina, amma ban daina zuwa wurin masu inji ba. Dalilin da ya sa na riƙe duka biyun shi nake son in shimfiɗa wa wanda yake tsaye tsakani.

Kalmar alaimen ta ƙunshi abu uku, kuma rashin bambance su ne ke sa mutum ya biya kuɗi a kan ciwon da ba shi ke damun motarsa ba. Na farko shi ne inda tayoyi suka sa gaba idan ka leƙo su daga sama: ko sun tsuke ciki kamar mai tafiya yana haɗa manyan yatsun ƙafa, ko sun buɗe waje kamar tafiyar agwagwa. Shi makanikai ke kira to-in da to-awut. Na biyu kamba, wato jinginar taya idan ka tsaya a gaban mota: samanta ya kwanta ciki kamar mai gwame, ko ya kwanta waje. Na uku kasta, kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kanta zuwa baya, irin kwanciyar ƙahon keke da ke sa yaro ya saki hannu keken ya ci gaba da miƙewa. Ita ke dawo maka da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana.

A cikin ukun nan, tsukewa da buɗewa su ne ɓarayin taya. Lissafin ba wuya. Tayar da ta kauce da rabin digiri, a kowace kilomita ɗaya sai an ja ta a kaikaice kusan mita 9. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, ka ga a zuwa kaɗai an goga tayar a kwalta ta gefe kimanin kilomita 2, kamar ana kankare ta da fayil. Amma ga abin da da yawa ba su sani ba: wannan kaucewar ba kasafai take sa mota ta riƙa ja gefe ba. Abin da take yi shi ne ta ci taya, ta karkatar da sitiyari, ta sa motar rawar kai a kan gudu. Ja zuwa gefe ɗaya yawanci daga bambancin kamba ko kasta ne tsakanin hagu da dama, ko iskar taya, ko ita kanta tayar, ko birkin da ke riƙewa. Riƙe wannan, don a kansa zaɓin ya rataya.

Sai wata tambaya, wadda ya kamata ka yi kafin ka sayi ko ƙulli ɗaya na zare: me ake iya juyawa a ƙafar motarka? A irin Corollata, babban abin da kamfani ya bar wa sifana a gaba shi ne tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, wadda da ita ake saita tsukewa da buɗewa. Baya kuwa ƙarfe ne guda ya haɗa tayoyin biyu, babu abin kuncewa balle ɗaurewa. Haka bayan Golf 3 yake. Duk girman injin da za a ɗora irin wannan mota a kai, galibi a ƙarshe notin tayarod biyu yaron shago zai taɓa, kuma su ɗin ne kai ma za ka taɓa a gida. Accord ta 2003 zuwa 2007 da Camry ta 2007 zuwa 2011 ba haka suke ba, tayoyinsu na baya ma ana saita su, aiki ya zama na ƙafa huɗu. Hilux kuma tana da wasu kusoshi masu kan ƙwai a hannun ƙasa na gaba, waɗanda juya ɗaya ke taɓa kamba da kasta lokaci guda. Wannan ba wasan tsakar gida ba ne.

Yadda ake aikin zaren

Wuri ne farko, kuma a nan yawancin gidajenmu ke faɗuwa. Tsakar gida ana yi mata gangare da gangan don ruwan damina ya bi ta rariya, intalok kuma yana lotsawa inda taya ta saba tsayawa. Kana buƙatar daɓen siminti da ya kwanta daidai. In kana shakka, ari siririn tiyon ruwan nan da masu sa tayil ke ɗaukar lebur da shi, ka gwada wurare huɗun da tayoyi za su zauna, inda ya yi ƙasa ka cike da falle-fallen tayil ko filawud. Ga awon tsukewa kaɗai ɗan gangare ba ya ɓata lissafi sosai, amma ga kamba yana rusa shi gaba ɗaya.

Ka daidaita iskar tayoyi huɗu da geji bisa abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba da bugun ƙafa ba. Ka sauke buhun shinkafa da jarkokin da ke but. Ka turo motar gaba a miƙe 'yan taku kafin ta tsaya, kada ka shigo da baya ka fara awo, kuma kada ka auna motar da aka sauke daga jak yanzu-yanzu, ƙafarta ba ta zauna ba tukuna. A ƙarƙashin kowace tayar gaba a sa tayil biyu masu santsi, fuska da fuska, da giris a tsakani, don taya ta samu zamewa idan ka juya tayarod. In babu wannan, robar taya za ta riƙe ƙasa ta murɗe, rula ta yi ta gaya maka abin da ba shi ne ba. Sitiyari a tsayar da shi cak a tsakiya, a ɗaure shi da bel ko igiya a jikin kujera.

Sai fayif biyu, irin na wayarin ma ya isa in bai lanƙwashe ba, kowanne ya fi faɗin motar. Ka jera su tare ka yi musu tsaga biyu-biyu a wuri ɗaya, ta yadda tazarar tsagogin wannan daidai take da ta wancan. Wannan ne sirrin aikin duka, don shi ke tabbatar da zaren hagu da na dama sun tafi kafaɗa da kafaɗa ba su tsuke ba. Ɗaya fayif a gaban mota, ɗaya a baya, a kan bulo, tsayinsu daidai cibiyar taya. Ka ja zaren kamun kifi ta cikin tsagogin, ka rataya masa wani abu mai nauyi a ƙarshe ya miƙe tsam. Daga nan sai ka yi ta matsar da fayif har tazarar zare da cibiyar tayar gaba ta hagu ta zo daidai da ta dama, haka ma a baya. Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko, har da ni, shi ne ƙoƙarin sa lambar gaba ta zama daidai da ta baya. Ba dole ba ne, don motoci da yawa faɗin ƙafarsu ta gaba ya bambanta da na baya. Hagu da dama ake daidaitawa. Wannan matakin yana cin rai, ka taɓa gaba baya ya motsa, ka taɓa baya gaba ya motsa, sai ka zagaya motar sau biyar ko shida.

In akwatin zaren ya tsaya, sauran mai sauƙi ne. A kowace taya ka auna daga zare zuwa leɓen rim ta gaba, ka auna ta baya. In lambar gaba ta fi girma, tayar ta tsuke ciki. In ta baya ce ta fi, ta buɗe. A rim mai inci 15, bambancin milimita 1 kusan digiri 0.15 ne. Ƙananan motoci masu ja da ƙafar gaba yawanci kusa da sifili ake so, amma ka nemi lambar taka motar a littafinta, kuma ka lura wasu kamfanonin a bakin taya suke ba da milimitarsu, ba a bakin rim ba, shi ya sa lissafi da digiri ya fi tsafta.

Gyaran kansa: ka sassauta notin da ke kulle tayarod, ka saki ɗan kilif ɗin da ke riƙe da robar rak (ƙarfen sitiyari da tayarod ke manne da shi) don kada ta murɗe ta yage, sannan ka juya sandar. A motocin da rak ɗinsu ke bayan cibiyar taya, kamar Corolla, ƙara wa sandar tsawo yana tsuke tayar ciki. Tiredin yawancin tayarod, wato tsagin da noti ke bi, milimita 1.5 ne a zagaye ɗaya, kuma zagaye ɗaya tak yana iya kawar da taya fiye da rabin digiri. Saboda haka da kwata-kwata ake tafiya, ba da ƙarfin tuwo ba. Ka sa alamar fenti ko alli a inda ka fara, don in ka rikice ka san hanyar komawa gida. Bayan ka ɗaure, ka cire zare, ka tura motar baya da gaba, ka sake kafa komai ka sake awo. Kuma a karo na biyu ka bar taya ta tsaya a rabin zagaye daga inda take da farko. In lambobin suka canza, rim ɗinka ne ya lanƙwashe, ka ɗauki tsaka-tsakin awo biyun. A hanyoyinmu rim mai lafiya ƙalau shi ne baƙo.

Abu ɗaya ba na sassauci a kai. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka tashi daga wurin sai ka sake bin notin kullen nan biyu da sifana. Tayarod da ya kwance a kan gudu ba ya ba da sanarwa.

Ranar farko na shafe daga hantsi har azahar. Yanzu awa ɗaya da 'yan mintuna. Kuɗin kayan duka bai kai na zuwa shago sau biyu ba, kuma in hannunka ya faɗa, rula da zare suna kai ka cikin rabin milimita, wanda ya isa ga motar hawa ta yau da kullum. Masu motocin tsere a Turai da Amurka har gobe da zare suke saita ƙafa a bakin fili, ba don sun rasa kuɗin inji ba.

Inda zaren ya tsaya

Kamba kana iya leƙa ta da zaren da ka ɗaura wa noti ka sake shi a gefen taya, ko da manhajar awon kwana ta waya a jikin miƙaƙƙen ƙarfe, amma sai daɓenka ya zama lebur na gaske, in ba haka ba gangaren gidanka kake aunawa. Kasta kuwa sai an juya taya digiri 20 hagu, 20 dama, ana karanta canjin kamba ana lissafi. Ana iya yi, amma ni ban ga wanda ya yi a gida ya samu lamba ɗaya sau biyu a jere ba. To ka tuna abin da na ce ka riƙe: motar da ke ja gefe, ciwonta yawanci a waɗannan biyun yake. Wanda motarsa ta faɗa rami da gudu, ko ta daki bakin kwalbati, daga ranar ta fara ja, zare ba zai gaya masa ko shokozoba ce ta lanƙwashe ko hannun ƙasa ne ya ja baya ba. Zai yi ta murɗa tayarod yana gyaran gangar Auzinawa.

A nan injin kwamfuta ya yi wa kowa nisa. Cikin 'yan mintuna yana karanta kusurwoyin ƙafa huɗun, ya nuna maka ko bayan motar na tura ta a karkace kamar tafiyar kaguwa, ya cire lanƙwasar rim daga lissafi, ya kwatanta da lambobin kamfani da ke cikinsa. Ko a motar da babu abin saitawa a baya, wannan karatun yana da daraja, don shi zai ce maka ƙarfen baya ya tanƙware, ka daina zargin masu sayar da taya. Akwai kuma motocin zamani. Tun daga ƙirar 2012 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka na'urar hana zamewa, kuma tokumbo ɗinmu da yawa daga can suke. Na'urar tana dogara da wani sensa da ke karanta inda sitiyari yake, a wasu motocin sai an sa kwamfutar gwaji an sake nuna masa tsakiya bayan alaimen. Masu kyamara a bayan gilashin gaba, da ke lura da layin titi, sun fi haka tsanani. Irin waɗannan ban ba ka shawarar zare ba sai dai don dubawa.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Inji yana da gaskiya ne gwargwadon mai riƙe da shi da kuma ranar da aka yi masa saiti na ƙarshe. Teburin da ake hawa da mota yana lotsawa, kyamara tana gocewa, abin maƙalawa a rim yana faɗuwa ƙasa a ɗauka a mayar. Na sha tsayawa ina kallon yaron shago ya tsallake matakin tura mota baya da gaba saboda layi ya yi tsawo, ko ya zaɓi Corolla ta wata shekara daban a kwamfutar, ko ya juya tayarod ɗaya kawai har allo ya yi kore, ka fito sitiyari na kallon Gabas mota na tafiya Arewa. In za ka je, ka nemi takardar awon kafin gyara da ta bayan gyara, ko ka ɗauki hoton allon. Ka duba sunan motar da shekararta a sama. Ka tsaya ka ga an kulle sitiyari da birki. Shagon da ya ɓata rai don ka nemi waɗannan, ka san inda dare ya yi masa.

Na ukunsu shi ne mai geji a bakin titi, sau da yawa kusa da mai faci, da sandar awo ko gejin nan mai madubi da ake jinginawa a rim. Kada a raina shi. In gejinsa bai karkace ba, yana ba da jimillar tsukewar tayoyin gaba daidai, cikin minti goma, da kuɗi kaɗan. Rauninsa shi ne tayoyin gaba kawai yake kwatantawa da juna, bai san inda na baya suka dosa ba, shi ya sa daidaita sitiyari a wurinsa sai an yi ta zagaye ana dawowa. Wanda kuma zai tsuguna ya kanne ido ɗaya ya ce ya gani, a gaishe shi. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma bai san milimita ɗaya ba. Kuma in wani ya ce zai zare sitiyari ya mayar da shi a miƙe, ka karɓi makullinka.

Duk ukun nan aikin banza ne a kan ƙafar da ta mutu. Kafin komai a ɗaga motar, a kama taya ta hagu da dama a girgiza, a kama sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, to kan tayarod ne, ko boljoyin, ko bushin, ko boris. Ƙafa mai wasan milimita 2 ba ta riƙe saitin milimita 1, ko da injin da aka sauke daga jirgi jiya aka yi. Daga baya na gano abin da ya cinye tayoyina ke nan: kan tayarod na dama ya gaji, shagon bai duba ba, suka saita a kan abin da ke motsi. Haka kuma in mota na ja, kafin ka biya kowa ka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, muddin ba masu kibiyar juyi ɗaya ba ne. In jan ya juya ɗaya gefen, taya ce, ba alaimen ba. Da tayoyin Kwatano wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ɗan zamewa dama a hankali kuma ba ciwo ba ne, titi ake ginawa da gangare don ruwa, mu kuma tun 1972 a dama muke tuƙi. Rawar sitiyari a kan gudu ita ma ba ta nan ba ce, balansin take nema.

To wa ya kamata ya yi me? In motarka irin Corolla ce ko Golf mai ƙarfe guda a baya, ba ta ja, ba ta yi karo ba, kawai an canza mata kan tayarod ko ka ga taya ta fara ci ta gefe, kana da lebur ɗin daɓe da haƙurin yini guda, zare ya ishe ka, kuma zai fi maka aikin shago mai gaggawa. In kana garin da inji mafi kusa sai ka yi tafiyar awa biyu, ka koyi zaren ko don ka iya kai motar can ba tare da ka bar rabin tayarka a hanya ba. In mota ce mai saitin baya, ko Hilux da danginta, ko ta daki wani abu, ko tana ja bayan ka gwada musanyar taya, ko mai sensa da kyamara ce, ka kai inji, kuɗin bai kai na taya ɗaya ba. Ɗan haya da ke cin ɗaruruwan kilomita kullum, wanda yinin da ya tsaya asara ne, mai geji amintacce ya fi masa, ya riƙa leƙa inji duk sanda ya sa sababbin tayoyi.

Ni abin da na zauna a kai shi ne inji sau ɗaya idan na sa sababbin tayoyi ko aka yi babban aikin ƙafa, ina dawowa gida kuma in kafa zare a ranar in rubuta lambobi huɗun a bangon gareji da alli. Bayan kowace doguwar tafiya, ko ranar da na ji ƙafar ta daki ramin da ya sa na yi salati, sai in sake kafawa in kwatanta. Fayif ɗin biyu suna nan rataye a bayan tankin ruwa, na rubuta "gaba" a jikin ɗaya, "baya" a jikin ɗayan, don uwargida ta taɓa ɗauke guda ta yi shanya da shi.